Hassan Fathi na Masar da Neman Sanyin Ɗaki Ba da Lantarki Ba



A cikin shekarar 1964, a harabar cibiyar binciken gine-gine ta birnin Alƙahira, an tayar da waɗansu 'yan ɗakuna guda shida, kowanne da irin kayan da aka gina shi, ba don wani ya kwana a ciki ba, sai don a rataya ma'aunin zafi a ga yadda kowannensu zai yi da rana. Ɗaya an yi shi da tubalin ƙasa ɗanye, kaurin bangonsa santimita 50, wani kuma da fallayen kankare irin na zamani, masu kaurin santimita 10. Da aka yini aka kwana ana duba ma'auni, sai aka tarar ɗakin ƙasa bai gusa daga tsakanin digiri 21 da 23 ba, dare da rana, alhali kuwa ɗakin kankare ya hau har digiri 36, watau ya ɗara iskar da ke waje zafi da digiri 9. Ma'ana, mutum ya fitar da kuɗinsa ya gina wurin da filin Allah ya fi shi daɗin zama. Wanda ya ɗauki wannan lissafi ya mayar da shi hujja, ya yi ta kafa ta a gaban hukumomi da ɗalibai har ƙarshen ransa, shi ne Hassan Fathi, masanin zanen gine-gine na ƙasar Masar, wanda a kansa sharhinmu na yau zai tsaya.

An haife shi a Iskandariya a 1900, a gidan wadata, ya kuma gama karatun injiniya da zanen gini a Alƙahira a 1926, bisa manhajar da aka kwaso ta ɗungum daga Turai, wadda ba ta san ƙauyen Masar ba, ba ta kuma ga dalilin da zai sa ta san shi ba. Shi kansa Fathi, ko da yake mahaifinsa mai gonaki ne, bai taka ƙafarsa a gonar gidansu ba sai da ya kai shekara 27, lokacin da aiki ya kai shi garin Talha don ginin wata makaranta. Kuma abin da ya gani a can na ƙunci da duhu da ƙazantar ɗakunan manoman da ke yi wa gidansu aiki, shi ne ya tsaya masa a rai, ya fara tambayar kansa da me talaka zai yi gini, tun da ba shi da kuɗin siminti, ba shi da na rodi, ba shi da na katako. Amsar kuwa tana ƙarƙashin ƙafarsa. A 1937 ya baje kolin zane-zanen gidajen ƙasa a Mansura, mutane suka kalla, suka yaba, suka wuce abinsu.

Yaƙin Duniya na Biyu ne ya buɗe masa ƙofa, domin da jiragen ruwa suka daina kawo ƙarfe da katako, sai waɗanda da suke raina ƙasa suka fara sauraronsa. Amma fa tayar da bango da ƙasa ba shi ne mushkila ba, kowane baƙauye ya iya; mushkilar ita ce rufi, gama Masar ƙasa ce mai ƙarancin itace, kuma rufi shi ne ke cinye kuɗin mai gini. A 1941 ya gwada yin rufi mai doro da tubali zalla a wata gona ta ƙungiyar manoma da ke Bahtim, kusa da Alƙahira, maginan da ya samu suka ɗora, rufin ya rufto. Ana cikin haka sai wani ɗan'uwansa da ke aiki a wajen Aswan ya ba shi labarin cewa Nubawan can kudu suna rufe ɗakunansu da tubali ba tare da sun kafa ko sanda guda ta tallafi ba. Ya shiga jirgin ƙasa ya tafi, ya ga ƙauyen Garb Aswan da idonsa, ya ga maƙabartar zamanin Faɗimiyawa da tsohon gidan ruhubanawa na Siman, sa'an nan a Luksor ya ga rumbunan hatsi na Fir'auna Ramsis na Biyu, waɗanda aka rufe da irin wannan tubali fiye da shekara 3,000 da suka wuce, har yau kuma waɗansunsu suna tsaye.

Ya kamata mu ɗan dakata a nan mu kalli yadda maginan nan suke aikin, domin a cikinsa ne asirin yake. Sukan tayar da bangaye biyu na gefe, sa'an nan su ɗaga bangon ƙurya ya fi su tsawo. Magini biyu su hau kan katako, kowanne ya cika hannu da kwaɓaɓɓiyar ƙasa, su zana siffar baka a jikin bangon nan na ƙurya, da ido kawai, ba igiya ba ma'auni, su daidaita gefenta da gizago. Tubalin rufi dabam yake da na bango: ya fi shi faɗi da rashin kauri, an yawaita masa ƙaiƙayi don ya yi sauƙi, kuma tun yana ɗanye an ja yatsu biyu a fuskarsa daga kusurwa zuwa kusurwa, don ƙasar ɗauri ta sami wurin kamawa. Sai su jingina tubali na fari da bangon, ba a tsaye cak ba, a ɗan kishingiɗe, su bi shi da na biyu, sahu na bisa sahu, kowane sahu yana kwance a jikin wanda ya gabace shi, har bakan ya haɗe a sama, suna cusa tsingaro ko tsakuwa a tsakanin tubala don kada a bar gurbin da zai saki in ƙasa ta bushe. Da haka rufin ke tahowa daga ƙurya zuwa ƙofa, yana riƙe da kansa, ba azara, ba ginshiƙi. Mutumin da ya riƙe shahadar jami'a, yana kuma koyarwa a makarantar fasaha ta Alƙahira, ya tsaya a ƙasa yana ɗaukar karatu daga waɗanda ba su taɓa shiga aji ba. Kuma a ganina wannan tawali'u na ilmi shi ne mafi girman abin da ya mallaka, ya fi dukan lambobin girmamawa da aka rataya masa daga baya.

Malaminsa na biyu shi ne tsohon birnin Alƙahira, da gidajen zamanin Mamalik da na Usmaniyawa, waɗanda ya yi shekaru yana aunawa yana zanawa, har daga bisani ya tare a ɗaya daga cikinsu, a unguwar Darbul Labbana da ke gindin ganuwar Salahuddini. Abin da ya fahimta a nan shi ne cewa abubuwan da baƙi suke ɗauka ado ne kawai, kowannensu yana da aikin da yake yi wa zafi. Bango mai kauri ba ya hana zafi shiga har abada, jinkirta shi yake yi: ya sha rana tun hantsi, zafin yana ratsa shi sannu a hankali, ba zai kai ciki ba sai dare ya yi, lokacin da sararin hamada ya huce, mutane kuma sun fita tsakar gida ko sun hau soro. Tsakar gida mai zurfi, wadda bangaye suka kewaye, takan tara sanyin dare, domin iska mai sanyi ta fi nauyi, sai ta kwanta a ƙasa, ta kuma daɗe a can bayan fitowar rana. A gidan Suhaimi ma, ɗaya daga cikin tsofaffin gidajen nan, tsakar gida biyu ce, ƙarama mai inuwa da babba mai shan rana, da wata rumfar zama a tsakaninsu. Iskar babbar ta yi zafi ta tashi sama, ta jawo ta ƙaramar ta bi ta cikin rumfar, mai zaune a wurin ya yi ta shan iska ba tare da kowa ya ɗaga mafici ba.

Akwai kuma abin da Misirawa ke kira malƙaf, watau wata hasumiya da ake fitarwa bisa rufi, bakinta a buɗe yana fuskantar arewa, inda iskar bahar ke fitowa a yawancin shekara. Tana kama iskar sama, wadda ta fi ta titi ƙarfi da tsabta, ta gangaro da ita cikin babban zauren gida. A tsakiyar zauren kuma rufi ya ɗaga sama ƙwarai, da 'yan kafofi a ƙololuwarsa, ta inda iskar da ta ɗumama ke ficewa. Fa'idar wannan tadbiri ita ce ya raba wa taga aikinta: a ƙasar zafi, in ka faɗaɗa taga don iska, ka shigo da rana da ƙyalli, in ka ƙuntata ta don rana, ka hana iska, to, sai malƙaf ya ɗauki sha'anin iska, mashrabiyya kuma, watau ragar nan ta sassaƙaƙƙen itace da ake rufe taga da ita, ta ɗauki sha'anin haske da sutura, na ciki ya ga na waje, na waje bai ga na ciki ba. A makarantar 'yan mata da ya gina a Gurna ya ƙara wata dabara, ya sa tukwane masu tsatsafo a cikin maƙogwaron hasumiyar, ruwansu yana ɗiga bisa gawayi da aka shimfiɗa a kan raga, iska ta ratsa jiƙaƙƙen gawayin kafin ta shiga aji, ya kuma ba da rahoton cewa zafin ajin ya sauka da digiri 10. Duk wanda ya taɓa shan ruwan randa da azahar a watan bazara ya riga ya san wannan ƙa'ida da harshensa: ruwan da ke tsatsafowa yana bushewa, shi ne ke tafiya da zafi.

To, Gurna ɗin nan da muka ambata, ita ce ta ɗaukaka sunansa, ita ce kuma ta karya masa zuciya. Mutanenta, kimanin 7,000, sun gina gidajensu ne bisa kaburburan manyan fadawan Fir'aunoni, a gaɓar yamma ta kogin Nilu, daura da Luksor, kuma hukumar kula da kayan tarihi tana tuhumar waɗansunsu da haƙa kaburbura suna sayar da abin da suka samu. Hukumar ta yanke shawarar tashinsu, ta sayi fili eka 50 a cikin gonakin rake, ta kira Fathi a 1945 ya gina musu sabon gari. Ya shiga aikin da zuciya ɗaya. Bai yarda ya zana gida ɗaya a maimaita shi sau ɗari tara ba. Ya nemi sanin dangogi da zuriyoyin garin, ya tsara unguwanni bisa yadda suke zaune, da lunguna masu karkata don su riƙa yi wa juna inuwa. Ya gina masallaci, da kasuwa, da masaukin masu sana'a, da makarantu, har da dandalin wasanni. Kududdufin da za a bari bayan ɗibar ƙasar tubali ma bai manta da shi ba, ya yi shirin mayar da shi tafki mai tsabta da za a riƙa sauya ruwansa, don kare yara daga tsargiya. Burinsa shi ne mai zane da magini da mai gida su haɗa hannu, mutanen gari su koyi ginin, su yi wa juna gayya, ɗan kwangila ya fita daga tsakani.

Ba a kai ko'ina ba aikin ya cije. Ofisoshin gwamnati, waɗanda aka tsara dokokinsu don kwangilar siminti, suka rasa yadda za su yi da mutumin da ke neman a saya masa ƙaiƙayi, takarda ta yi ta yawo daga tebur zuwa tebur, albashin leburori yana makara. Annobar kwalara ta auka wa Masar a 1947. Sa'an nan aka fasa ganuwar da ke tare ruwan ambaliya, ruwa ya malale filin, kuma shi Fathi bai yi shakkar cewa da gangan aka yi ba. A 1948 aka dakatar da ginin, ba a yi ko rabin abin da aka tsara ba, yawancin Gurnawa kuma suka yi zamansu a kan tudunsu.

Masu ƙaunarsa sukan ɗora laifin duka a kan ma'aikatan ofis da ɓarayin kaburbura, amma ni ban ga adalci a cikin wannan hukunci ba. Mutanen nan ba su roƙi kowa ya tashe su ba. Abincinsu yana kan tudun: aikin haƙa tare da masu binciken tarihi, da gadi, da ciniki da 'yan yawon buɗe ido, an ce su sauka cikin fadama, alhali filin noman da ke kewaye da su na waɗansu ne. An kuma ruwaito cewa da yawansu ba su sami natsuwa da kwana a ƙarƙashin ƙubba ba, domin a Masar ta kudu ƙubba a kan kabarin waliyyi aka saba ganinta. Lissafin Fathi game da rana da iska sahihi ne, ba wanda ya rushe shi har yau. Abin da lissafin bai ƙunsa ba shi ne cewa ɗan Adam yakan zaɓi ɗaki mai zafi a inda yake da abin yi da mutunci, a kan ɗaki mai sanyi a inda aka ajiye shi da umarni. Tsohuwar Gurna ba ta tashi ba sai daga ƙarshen 2006, da hukuma ta kawo motocin rusau.

Bayan wannan ya riƙe sashen ginin makarantu a ma'aikatar ilmi na ɗan lokaci, sa'an nan a 1957 ya bar ƙasar ya tafi Girka, ya yi shekara biyar yana aiki da kamfanin Doxiadis a kan gidajen jama'a na Iraƙi da Pakistan. Da ya komo aka ba shi wani garin, Sabuwar Baris, a dausayin Harga cikin tsakiyar hamada, inda ya zana kasuwa mai ɗakunan ajiya a ƙarƙashin ƙasa da jerin hasumiyoyin iska, don a adana kayan lambu ba da firji ba. Yaƙin 1967 ya tsayar da wannan ma. Littafin da ya rubuta a kan Gurna ya fito a Alƙahira a 1969, ba a kula da shi sosai ba, sai da jami'ar Shikago ta sake buga shi a 1973 da sunan Architecture for the Poor, ya kuma dace da shekarar da farashin man fetur ya yi tashin gwauron zabo, Turawa suka farga cewa gidajensu na gilashi rijiyoyin mai suke sha. Nan da nan dattijon da aka yi wa kallon mai son mayar da mutane baya ya zama abin ziyara, ɗalibai daga ko'ina suna hawa matakalar gidansa. A 1980 kaɗai ya karɓi lambar shugaban gidauniyar Aga Khan, da ta Balzan, da ta Right Livelihood, kuma a wannan lokaci ne ya tafi jihar New Mexico ta Amurka da maginansa Nubawa, suka gina masallacin Darul Islam da tubalin ƙasa.

Sai dai akwai wani abin takaici, wanda shi ma bai ɓoye shi ba. Mafi yawan gidajen da ya kammala a ƙarshen rayuwarsa na attajirai ne da masu zane da manyan ma'aikata, waɗanda suka ga ƙubba da mashrabiyya sun yi musu kyau a gidan hutu; talakan da aka yi wahalar dominsa kuwa, da ya sami kuɗin aikin ƙasashen Larabawa na man fetur, jan bulo da rodi ya saya. Ƙari a kan haka, da aka gama babbar madatsar Aswan a 1970, kogin Nilu ya daina kawo lakar da yake shimfiɗawa kowace shekara, hukuma ta hana kankare ƙasar gona don yin tubali, shi kansa Fathi ya koma gini da dutse. Ruwan ƙarƙashin ƙasa kuma ya taso a Sabuwar Gurna, gishiri ya ci harsashin gidajen, masu su suka rushe da yawa suka ɗora benayen kankare. Masallacin da kaɗan daga manyan gine-ginen ne hukumar UNESCO ta sa hannu aka gyara. Allah ya yi masa rasuwa a Alƙahira a watan Nuwamba na 1989.

Mai sauraro a Kano ko Damagaram zai ce, ai wannan duk namu ne, mu ma da ƙasa muka gaji gini. Gaskiya ne, kuma ba mu rasa gwanaye ba: Babban Gwani Malam Mika'ilu ya ɗaure bakunan masallacin Juma'a na Zariya tun a ƙarni na 19, kuma gidauniyar nan ta Aga Khan da ta girmama Fathi ita ce ta ba da lambarta a 1986 ga masallacin Yama na jihar Tawa, aikin Alhaji Falke Barmu, magini kuma manomi. Amma hanyar ba ɗaya ba ce. Maginin Hausa da azara yake ɗaure bakansa da tulluwarsa, giginya kuwa ta yi ƙaranci ta yi tsada, wannan ma yana daga cikin abin da ya tura mutane ga kwano, wanda ke mayar da ɗaki tanderu da rana, ya sa mai gida neman fanka, fanka ta sa shi neman janareta. Saboda wannan gurbi ne ƙungiyar Development Workshop, wadda waɗansu samari da suka yi zama da Fathi suka kafa, tun wajen 1980 ta fara koya wa magina a Nijar gini ba da itace ba, da ƙubba da rufi mai doro irin na Nubawa. Wata ƙungiyar kuma ta ɗauki wannan rufi tana yaɗa shi daga Burkina Faso tun shekarar 2000.

Waɗannan magina ba su kwafi Gurna yadda take ba, kuma da sun kwafa da sun yi hasara, domin Luksor takan shekara ba ta ga ruwan kirki ba, mu kuwa Agusta kaɗai ya isa ya narkar da rufin da ba a kiyaye ba. Haka kuma dabarar jiƙaƙƙen gawayi tana aiki ne a busasshiyar iskar bazara, in damina ta sauka iska ta cika da laima sai amfaninta ya ragu, hasumiyar da ke fuskantar arewa kuwa, a wurinmu ƙurar hunturu za ta fara kamawa. Don haka masu rufin Nubawa na Burkina Faso suka taƙaita faɗin ɗaki ga mita uku da 'yan kai, suka ƙara kaurin bangayen da ke ɗauke da shi, suka cike kafaɗun doron har ya zama soro shimfiɗaɗɗe, sa'an nan suka shimfiɗa leda a bisa suka binne ta da yaɓe, suka fitar da indararo nesa da gindin bango. Kuma mai gidan, kamar yadda kakanninsa suka saba da makuba da laso, wajibi ne ya hau ya duba yaɓensa kowace shekara kafin ruwan fari ya sauka.